Ƙanena ya kafe sai MacBook, ni kuma kuɗin noman rani ne a hannuna

Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a Argungu. Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, tun daga lokacin ni ke riƙe da gida, ni ke biyan karatun ƙanena. Yanzu yana aji uku a jami'ar Aliero, yana karanta injiniyan gine-gine. Ya ce yana buƙatar laftof, na ce ba laifi. Amma ya kafe sai MacBook sabuwa, wadda aka yi masa kuɗinta naira miliyan 1 da dubu 600. Abin da ke hannuna miliyan 2 ne da ɗan kai, kuma na ware su ne don taki da fetur da kuɗin 'yan dashe. Na ce ya nemo ta dubu 400 ko 500, sai ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, wai ta araha shekara ɗaya za ta yi ta mutu. Da maganar ta yi zafi ya ce mini da Baba na da rai da bai roƙi kowa ba. Yau mako uku ba ya ɗaga wayata, sai dai ya kira Inna, ita kuma ta ce in daure in saya masa, maraya ne. Ni ban san komai a kan kwamfuta ba. Da gaske mai tsadar ta ci kuɗinta? In shi ke da gaskiya zan rage gona in saya masa.

Daga wani manomi a Argungu.

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan riƙo na shekara tara.

Kada ka rage gona ko da taku ɗaya, kuma kada ka sayi MacBook ɗin nan. Ba don ba ta da kyau ba. Na daɗe ina buɗe cikin kwamfutoci ina gyarawa a Birnin Kebbi, kuma ba zan ɓoye maka ba, tana cikin mafi ingancin abin da ake ƙerawa. Matsalar ita ce ba kayan aikin ƙanenka ba ce, ko da kuwa kana da miliyan goma a ajiye.

Yaron da ke karatun gine-gine, abin da zai yi ta yi daga yanzu har ya gama shi ne zane da lissafi: rodi nawa za a sa a ginshiƙi, wane kaurin kankare ne zai ɗauki bene, yaya za a shimfiɗa hanya da kwalbati ruwa bai cinye su ba. Manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su Revit da Civil 3D da ETABS da STAAD.Pro da ProtaStructure, a kan Windows aka gina su, ba su da ta Mac. AutoCAD na da ta Mac, amma ita kaɗai ba za ta kai shi aji biyar ba. A da ana iya ɗora Windows kai tsaye a kan MacBook, lokacin da suke amfani da furosesar Intel, wato injin da ke yi wa kwamfuta lissafi, ƙirar kamfanin Intel. Tun Nuwamban 2020 da kamfanin Apple ya fito da furosesarsa ta kansa mai suna M1, wannan ƙofa ta rufe a kan sababbin. Yanzu sai dai ya sayi wata manhaja ta daban, kamar Parallels, wadda za ta buɗe masa Windows a cikin Mac ɗin, daga nan wasu manhajojin su tashi, wasu su yi ta gardama. Ka ga ke nan ka biya miliyan da dubu 600, sannan daren da zai miƙa aiki ya tafi aron kwamfutar abokinsa.

Kai ka fi ni sanin wannan a fadama. In aka kawo maka injin ban-ruwa mafi tsada a kasuwa amma bakinsa bai shiga tiyon da ke gonarka ba, tsadarsa ba za ta kai ruwa kan shinkafa ba.

Amma fa kada ka ɗauka yaron shirme kawai yake yi. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma in ka ƙi ba shi ita ba zai saurari taka ba.

Abin da kuɗin kwamfuta mai tsada ke saya wa mutum shi ne jiki na ƙarfen alminiyam maimakon roba, allo mai haske da ba ya gajiyar da ido, rashin nauyi, batir mai daɗewa, sai kuma suna. A cikin waɗannan, wanda ya fi taɓa mu a nan shi ne batir. Lokacin da aka fito da MacBook Air mai M1, kamfanin ya ce tana iya kai awa 18 ana kallon bidiyo da caji ɗaya. Ko ba ta kai hakan ba a hannun mai aiki, tana wuni ana karatu da rubutu ba a nemi soket ba. Wanda ya taɓa zama ɗakin ɗalibai an ɗauke wuta tun la'asar, ga jarrabawa da safe, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan MacBook Air ba ta da fanka a ciki, don haka ba ta zuƙar ƙura kamar sauran. In aka zo sayarwa kuma, ba ta faɗuwa warwas. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke tace hotuna kullum yana karɓar kuɗi, ko mai rubuta manhajar iPhone wanda dole sai da Mac zai yi aikinsa, in suka tambaye ni zan ce su saya, kuɗinsu za su dawo. Su kwamfutar ce gonarsu. Ƙanenka kuwa har yanzu gonarka ce ke ciyar da karatunsa.

Ga kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. A MacBook ɗin zamani, ram, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, an haɗe shi da furosesa tun daga masana'anta. Ma'ajiyar bayanai ita ma a liƙe take da babban allon ciki. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka zauna har ta tsufa, ba ƙari ba canji. Ba Apple kaɗai ke haka ba: yawancin siraran kwamfutoci masu tsada, irin su Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon, ram ɗinsu a liƙe yake. Sirantar da ake biya wa kuɗi ita ce ke hana gyara. In ruwan leda ya fashe a jaka, ko kofin shayi ya tuntsure kan madannai ya taɓa allon ciki, gyaran ba na Jega ba ne ba na Birnin Kebbi ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Abuja ko Legas, a jira makonni, kuma kuɗinsa kan isa sayen wata kwamfutar sukutum. Garantin shekara ɗaya da ake bayarwa bai shafi ruwa ko faɗuwa ba.

Sai yanayinmu. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da MacBook a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40, kai shaida ne. Zafi ne babban maƙiyin batir, kuma ba ya tambayar kuɗin da aka sayi kwamfuta kafin ya cinye shi. Bambancin kawai shi ne wata ana kwance sukurori a canza mata batir cikin minti goma, wata kuma sai an nemo gwani da kayan aiki na musamman.

Duk ƙarshen hunturu nakan ga abu guda a teburina. A kawo kwamfuta a ce tana zafi tana mutuwa da kanta, mai ita har ya fara lissafin sayen wata. In na kwance murfin ƙasa sai in tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka, ta yi kauri kamar audugar katifa, har ana ɗago ta da ɗan hantsaki a yanki guda. In share, in goge tsohon man da ke kan furosesa wanda ya bushe ya zama kamar alli, in shafa sabo, in rufe. Kwamfutar da aka yi wa ta'aziyya sai ga ta tana aiki shiru. Shi ya sa ni a garin nan abin da na fara dubawa a kwamfuta shi ne: tana buɗuwa? Ana samun kayanta a kusa?

Inda ƙanenka ya fi gaskiya shi ne tsoronsa na ta araha. Akwai sababbin kwamfutoci a kwali, masu sheƙi, da ake sayarwa da sauƙi, cikinsu furosesar Celeron da ram gig 4 da 'yar ma'ajiya gig 64. Waɗannan ko buɗe shafuka biyar a intanet na wahalar da su, balle zanen bene. Maƙallin murfinsu a cikin roba aka ɗaure shi, watanni kaɗan sai ka ji ƙas, gefen allo ya ɗage. In irin wannan ce yake gudu, yana da hujja, araha ba ta ado. Kuskurensa shi ne zaton da ya yi cewa daga wannan sai MacBook, babu komai a tsakani.

Akwai, kuma a nan nake so ka sa kuɗinka. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka sukan sayi kwamfutocin aiki masu ƙarfi, su yi amfani da su 'yan shekaru, su sauya. Su ne ke shigowa nan a matsayin tokumbo: Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude, da HP EliteBook. Ranar da suke sababbi su ma masu tsada ne, an ƙera su don a riƙa jefa su jaka ana yawo da su kullum, wani ya riga ya biya tsadar, kai kuma ka samu ƙarfin. Misali ThinkPad T480 da ta fito a 2018 tana da gurbin ram biyu da batir na waje da ake zarewa da hannu. EliteBook 840 daga G5 zuwa G8 ita ma gurbi biyu gare ta, haka Latitude 5400 da 5420. Lenovo da Dell ma har littafin kwance su da ɗaura su sun saka a intanet kyauta. In malamansa sun ce zanen da za su yi mai nauyi ne sosai, to a duba dangin da aka yi don injiniyoyi, wato Dell Precision ko HP ZBook ko ThinkPad P, masu katin hoto na daban. Sun fi nauyi a jaka, sun fi cin batir, amma aikinsu ke nan.

Ka ce ba ka san kwamfuta ba, to ga abin da za ka riƙe a ka ranar ciniki. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce, Alhaji," kamar ya gama magana. Bai gama ba. Ka ce ya nuna maka cikakkiyar lambar. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, daga zubi na goma kuwa lambobi biyun farko ne: i7-4600U zubi na huɗu ne, na 2013, ya tsufa tuƙuf, i5-8350U zubi na takwas ne, i5-1135G7 na goma sha ɗaya. Core i5 ta zubi na takwas mai ƙwaƙwalwa huɗu ta fi i7-7500U mai ƙwaƙwalwa biyu, duk da sunan na biyun ya fi daɗin faɗa. Kada ku sauka ƙasa da zubi na takwas, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓar furosesar Intel, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta kawo ƙarshen kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Ram kada ya gaza gig 16. In kun samu mai kyau mai gig 8, ku sa a ƙara a gabanku. Ma'ajiya ta zama SSD, gig 512 in da hali, ba tsohon faifai mai juyawa ba.

Batir kuma kada ku yarda da "yana awa biyar" na baki. Ƙanenka ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau. In ya zube sosai, a rage kuɗi ko a sa sabo. Ya danna kowane harafi, ya gwada kowace kafa ta USB, da kyamara, da sifika, ya buɗe farin shafi ya duba ko allon na da tabo. Ya kashe ta ya shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya tabbatar ba a sa mata kalmar sirri ba, ya kuma haɗa ta da intanet ya ga ba ta nemi shiga da sunan wani kamfani ba. Na taɓa ganin wanda ya sayi tokumbo a hannun wani mai yawo da kaya, kyakkyawa kamar sabuwa, da aka goge ta aka haɗa da intanet sai ta tsaya cak tana neman izinin tsohon mai ita. Mai kayan kuwa wayarsa a kashe. Don haka a shago mai mazauni za ku saya, a rubuta lambar jikin kwamfutar a rasit, a rubuta kwanakin da za a iya dawo da ita. Ku tambayi shago uku kafin ku biya, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin kayan nan bin dala yake yi. In Birnin Kebbi ko Sakkwato ba a samu ba, Kano akwai su birjik a titin Beirut.

A ganina ka ɗan ƙara a kan abin da ka ce, ka ware kamar dubu 600 gaba ɗaya. Abin da ya ragu bayan kwamfutar a sayi jaka mai soso, da linzami, da fawa-bank mai ƙarfin wat 65 da ke caji ta USB-C, wanda zai toshe masa giɓin batirin nan da yake hange a MacBook. A sayi soket mai kariya saboda wutar janareta. Ya kuma riƙa ajiye kwafin aikinsa a Google Drive, gig 15 kyauta ne. Ɗakin ɗalibai ko a ina yake wurin shige da fice ne, kaya na ɓata. In ta dubu 500 ta ɓata za ku ji zafi ku tashi. In ta miliyan da dubu 600 ce, noman shekara guda ne ya tafi.

Yanzu bari mu koma kan abin da na ji ya fi damunka, don na lura ba maganar kwamfuta ce ta hana ka barci ba. "Da Baba na da rai da ban roƙi kowa ba." Magana ce mai ciwo, kuma bai kamata ya faɗa wa wanda ya tsaya masa a matsayin uba ba. Kai ma maraya ne, Malam, ranar da ya rasa uba kai ma ka rasa, bambancin kawai kai ba ka samu wanda za ka yi wa fushi ba. Ina so ka san an ga wannan.

Duk da haka ina roƙonka kada ka auna yaron da wannan jimla ɗaya. Saurayi ne yana zaune cikin 'ya'yan masu hali, ana buɗe jaka a aji yana ganin tambarin tuffa na sheƙi a teburin wasu, shi kuma komai nasa sai ya kira Yaya. Abin da yake nema shi ne ya daina jin kansa ƙasa da kowa. Wannan ba ya sa a saya masa abin da ya ce, amma yana sa a canza yadda za a ce masa a'a. In ka aika masa saƙo cewa ba ka da kuɗi, abin da zai ji shi ne bai kai ba. In kuwa ka zaunar da shi ka buɗe masa littafinka, buhun taki nawa, litar fetur nawa kafin girbi, 'yan dashe nawa, buhun shanshera nawa ake sa rai, kuɗin makarantarsa na baɗi daga wane buhu zai fito, to ka ɗauke shi namiji ne, abokin shawara a gidan ubansa. Mai koyon lissafin nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka ba zai kasa gane wannan ba.

Ka fara da Inna. Ba gardama za ka yi da ita ba, tausayi ne ke magana a bakinta. Ka ce mata ka amince za ka saya masa kwamfuta mai ƙarfi, wadda ma ta fi dacewa da karatunsa, kuma abin da ya ragu shi ne abincin gidan da kuɗin makarantarsa. Ka roƙe ta ita ta kira shi ta ce yayansa na tafe. Sannan ka je Aliero da ƙafarka, kada ka jira ya ɗaga waya. Babba ne ke fara miƙa hannu, kuma wannan ba ya rage maka komai.

In kun zauna, kada ka ce masa wani a jarida ya ce kaza. Ka ba shi aikin da kansa: ya je wurin malaminsa, ko wani ɗan aji biyar da ke kan furojet, ya rubuto sunan duk manhajar da zai buƙata daga yanzu har zuwa watanni shida na koyon aiki da za su fita a aji huɗu, ya duba wacce ke hawa Mac wacce ba ta hawa. In shi ya gano da idonsa, ba ka kayar da shi ba, kuma zai sauko ba tare da kunya ba. Ka kuma tambaye shi tsakani da Allah ko akwai wata sana'a da yake yi a gefe, kamar tace bidiyo ko zanen katin biki, wadda ake biyansa. In akwai, kuma yana da abin nunawa, to wannan wata magana ce: ya tara nasa, kai ka cika masa bayan girbi, ya sayi MacBook ta hannu don sana'ar, bayan an tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na Apple a gabansa.

Ranar saye ku tafi tare. Shi zai duba lambobi ya gwada batir, kai ka yi ciniki, tunda nan ne fagenka. Ka bar shi ya zaɓa cikin biyu ko uku da suka cika sharuɗɗan nan, ko da wadda ya zaɓa ta ɗara da dubu 20 saboda ta fi kyan gani. A rubuta rasit da sunansa.

Maganar Baba kuwa ka bar ta sai kuna hanyar dawowa, kwamfutar na kan cinyarsa. Ka faɗa masa sau ɗaya, a hankali, cewa ta yi maka ciwo, kada ka maimaita. In kun tsaya kan wata kwamfuta kafin ku biya, ka aiko mini da cikakkiyar lambarta da abin da takardar batirin ta nuna, zan duba muku. Allah ya sa wa noman bana albarka, ya ba shi sa'ar karatu.